Karfasa da Danginta a Akwatin Gilashi: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum. Tun bayan rubutun da na yi a kan kifayen ado wasiƙu suke ta shigowa, kuma mafi yawansu a kan dangi guda ne, waɗanda masu sayarwa ke kira sikilid. Kada sunan ya ruɗa kowa. Karfasar da ake soyawa a Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima a nan Sakkwato, sikilid ce. Danginta sun haura iri 1,600 a duniya, akasarinsu a Afirka da Kudancin Amurka, kuma abin da ya sa nake ƙaunarsu shi ne reno. Tarwada in ta zuba ƙwai ta kama gabanta ke nan. Karfasa kuwa tana nan tare da nata har sai sun iya neman abinci. Ga wasu daga cikin wasiƙun, na rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata uku da sunka wuce na sa anka kawo mini kifaye biyar daga Legas, masu ruwan ɗorawa da baƙin layi a fiffiken baya. Yau kwana tara ɗaya ta daina cin abinci, maƙoshinta ya kumbura, kullum tana bayan dutse tana motsa baki kamar mai taunar cingam. Abokina ya ce ciwo ne, in fasa kafso in zuba a ruwan. In zuba?
Wani matashi daga Mabera

Amsa: Ƙanena, albishirinka. Kada ka zuba komai, kifinka goyo take yi.

Ina ɗan shekara goma nakan bi kakana cikin jirgi a gulbin Rima. Wata safiya ya ciro karfasa daga birgi, tana faɗowa ta amayar da wasu 'yan ƙwai masu ruwan ɗorawa a ƙasan jirgin. Na ce masa wannan kifi ƙwai ya ci. Ya ce, "A'a, wagga uwa ta. Ɗiyanta na taka goyo ga baki, maishe ta ruwa." Shekaru da yawa bayan haka na ga irin wannan goyo ta bayan gilashi a ɗakina, sai da na tuna da shi.

Kifin da ka siffanta sunansa na ilimi Labidochromis caeruleus, asalinsa Tafkin Malawi, wanda ƙasashen Malawi da Mozambik da Tanzaniya suka kewaye. A tafkin nan kaɗai akwai sikilid sama da iri 700, kuma kusan dukkansu uwa ce ke ɗaukar ƙwai a baki. Namiji yakan share wani ɗan wuri, ya yi ta karkarwa a gaban tamatar har ta biyo shi, su dinga zagaye. Tana sakin ƙwai ɗaya ko biyu sai ta juya ta tsince da baki. A yawancin danginsu namijin yana da wasu ɗigo-ɗigo a fiffiken ƙasa masu kama da ƙwai. Tana kai baki ta tsince su shi kuma ya saki maniyyi, ƙwan ya samu rai a cikin bakinta. Taunar da kake gani juya su take yi don ruwa mai iska ya ratsa kowanne. Haka za ta zauna kusan kwana 21 ba ci. Ƙaramar uwa kamar taka takan ɗauki goma zuwa goma sha biyar, in ta manyanta ta kai talatin.

Yanzu ga naka aikin. Ka samo ƙaramin akwati na lita 40, ka cika shi da ruwan babban akwatin, ba sabon ruwa ba. Ka sa matacin soso wanda ya riga ya yi aiki a babban, ka ajiye fasasshiyar tukunya ta ɓuya. Ka bari sai ta cika kwana 14 ko 15 kafin ka ɗauke ta, domin a lokacin ƙwan ya riga ya ƙyanƙyashe, ko ta tofar da su saboda firgita ba su lalace ba. Ni da asuba nake kamu, kafin su gama wartsakewa. Da raga nake kora ta cikin kofin roba a ƙarƙashin ruwa, in ɗago kofin da ruwansa, ba ta taɓa iska ba. In ta tofar, ka rufe akwatin da zane ka bar ɗakin. Sau da yawa takan tsince abinta.

Ranar da za ta sake su za ka ga kowanne ya kusa santimita ɗaya, da idanunsa da launinsa, yana iya cin abinci nan take. Ka bar ta da su kwana biyu ko uku. Da ka ga ta daina kiransu su koma baki, ka fitar da ita. Amma kada ka mayar da ita wurin namiji a ranar. Mako uku ba ta ci ba, ta rame, shi kuwa zai fara bin ta nan take. Ka ware ta mako guda tana ci tana hutawa.

Za ka ji wasu suna cewa a kama uwar a buɗe mata baki da tsinke a zazzage 'ya'yan. Masu yi don kasuwa suna yin haka, don uwar ta yi saurin sake ɗauka. Ni ba na yi sai in uwa ta wuce kwana 25 ta ƙi saki kuma na ga tana galabaita. Hannun da bai saba ba yana iya goce mata muƙamuƙi, kuma wanda ya yi haka ya hana kansa ganin abin da ya fi komai kyau a wannan kiwo: ka matso kusa da gilashi, 'ya'ya goma sha biyu su ruga su shige bakin uwarsu cikin ƙiftawar ido.

In ka wayi gari ka ga maƙoshin ya saɓe kuma tana cin abinci, ta haɗiye ke nan. Haihuwar fari takan zo da haka, kada ranka ya ɓaci. Ka kuma duba biyar ɗin nan naka. Namiji ɗaya da mata uku ko huɗu shi ne zaman lafiya. In maza biyu ne, ka fitar da ɗaya.

Tambaya: Ina da kifaye biyu masu ruwan toka da baƙaƙen zane a jiki. Sau uku ke nan suna yin ƙwai a jikin dutse, bayan kwana biyu ko uku in duba babu ko ɗaya. Yarana sun matsu su ga 'ya'ya. Me ke sa su cinye ƙwansu?
Wata malamar makaranta daga Arkilla

Amsa: Malama, naki su ne masu rigar fursuna, haka Turawa suka laƙaba musu saboda zanen. Daga Amurka ta Tsakiya suka fito, kuma suna cikin ɗaya ɓangaren dangin, masu manna ƙwai a dutse uwa da uba su yi gadi tare.

Kafin mu ɗora musu laifi, ki leƙa bayan dutsen. Ƙwan wannan kifi kwana uku yake yi ya ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa bai iya iyo ba tukuna, ɗan gashi ne da jakar gwaiduwa a ciki, yana ta motsa wutsiya. Iyayen sukan tona rami a yashi su kwashe su da baki ɗaya bayan ɗaya su zuba ciki, wani lokaci su sauya musu rami sau biyu a yini. Mutane da yawa sun ga wannan kwasa suka ce ci ne, suka sa hannu suka birkita akwati, daga nan kuma iyayen suka cinye da gaske. In uwar ta tare a wani lungu tana kora kowa, tana kaɗa fiffike a wuri guda, to suna nan. Bayan kwana huɗu ko biyar za ki ga sun taso kamar hayaƙi a bayanta.

In kuwa babu su, sai ki lura da launin ƙwan a karo na gaba. Mai rai ruwan zuma yake. Wanda ya yi fari fat cikin kwana ɗaya ko biyu bai samu namiji ba, iyayen kan tsince shi don kada fumfuna ta kama sauran. In kullum duka ne ke yin fari, mai yiwuwa mata biyu gare ki, don mata biyu sukan haɗu su yi ƙwai su yi gadi kamar ma'aurata. Tamatar wannan kifi ƙarama ce, da ɗigon ruwan lemo a ciki. Namiji ya fi girma, fiffikensa na baya ya fi tsini.

Sai kuma maganar yara. Na fahimci ɗokinsu, jikokina ma haka suke. Amma akwatin da ke falo kusa da talabijin, wannan ya ƙwanƙwasa gilashi wancan ya haska tocila, iyaye ba za su natsu ba, kuma kifin da ya ga kamar ba zai iya kare ƙwansa ba yakan cinye shi ya jira wani lokaci. Ki manna takarda a gefe uku na akwatin. Ki kwantar da ƙaramar tukunyar ƙasa bakinta na kallon gefe. Ki ce wa yaran kallo daga nesa ne, a zaune, har kwana goma. Da dare ki bar 'yar fitilar sola mai rauni a ɗakin, don duhun da ke faɗowa farat ɗaya in an ɗauke wuta yana firgita su. Sababbin iyaye sukan yi kuskure sau biyu ko uku kafin su gane aikin, don haka na huɗun nan ina kyautata zato. Ki dai sa ido a kan namijin, in ƙwai ya lalace yakan huce a kan tamatar, sai ki raba su da raga na 'yan kwanaki.

Ana iya ɗauke dutsen a kai wani akwati, a sa iska kusa da shi da ɗigon shuɗin magani na hana fumfuna, ƙwan ya ƙyanƙyashe ba iyaye. Yana yiwuwa, amma yaranki ba za su ga abin da ya kamata su gani ba. Kuma ki shirya: in suka fara, kusan kowane wata ko wata ɗaya da rabi za su ba ki ɗari ko fiye.

Tambaya: A watan Afrilun bara ina da 'ya'yan kifin Malawi kusan sittin, sun yi mako uku. Anka ɗauke wuta da dare, da safe na tarar duk sun mutu, manyan kuma suna sama suna haki. Bana ba na son a maimaita.
Wani ma'aikaci daga Runjin Sambo

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Na san irin wannan safiya.

A Sakkwato bazara ta fi kowane ciwo kashe kifin ado. Bidiyon da ake kallo a waya mutanen ƙasashen sanyi ne suka yi yawancinsu, su damuwarsu yadda za a ɗumama ruwa. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗakin siminti ya riƙe shi har tsakar dare. Na sha auna ruwan akwatina in ga 33 ko 34. Kifin Malawi kuwa tsakanin 24 da 28 ya saba.

Ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Lita ɗaya a digiri 25 tana ɗaukar miligiram 8 da 'yan kai, a digiri 35 kuwa da ƙyar take kai 7. Shi kuma kifi jikinsa bin zafin ruwa yake, da ruwan ya ɗumama sai numfashinsa ya ƙaru, ya fi buƙatar iska a daidai lokacin da ta yi ƙaranci. Ga gubar amoniya da ke fita daga jikinsu da kashinsu, wadda ta fi illa a ruwa mai zafi. A kan wannan hali famfon iska ya tsaya, sa'o'i kaɗan sun isa, kuma ƙanana ne ke fara tafiya.

Kafin ka sake sayen ko da kifi ɗaya, ka sayi famfon iska mai batir, ko irin wanda ake jonawa da batirin cajin waya. Kuɗinsa bai kai na kifayen da ka rasa ba. Ka sayi ma'aunin zafi ka manna. In dare ya same ka ba famfo, ka ɗebi ruwan akwatin da kofi ka dinga zubo shi daga sama yana kumfa, bayan kowane minti 15 ko 20. Na kwana ina yin haka ba sau ɗaya ba, kuma ya ceci kifi.

Wajen sanyaya ruwa, randa ce malamarmu. Abin da ke sa ruwan randa sanyi shi ne wanda ke tsattsafowa ta jikinta iska na busar da shi. Ka cire murfin akwati ka sa raga a madadinsa, ka juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. A busasshiyar iskar garin nan hakan yana rage digiri biyu zuwa uku. Ka lulluɓe gefen gilashin da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwa zai dinga raguwa, sai ka riƙa cikawa kullum. In za ka yi amfani da ƙanƙara, ka sa ta cikin gora a rufe ta yi ta yawo a sama. Kada ka jefa ta tsirara, domin saukar zafi farat ɗaya ita ma kisa take. Akwati ya zauna a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da ƙasa, nesa da taga. Wanda ke da ɗakin ƙasa mai azara ya fi mu duka sa'a. Ka rage abinci rabi. Kuma ka yi hattara da ruwan tankin sama, da azahar har ƙona hannu yake. Da asuba ake tara ruwa, a bar shi a durom cikin ɗaki ya kwana.

Shawarar da na fi so ka ɗauka ita ce kada ka yi kiwon 'ya'ya a bazara sam. Ni daga ƙarshen Fabrairu nake raba maza da mata, ba na haɗa su sai ruwan sama ya zauna. Daga Yuli zuwa Nuwamba nake samun 'ya'yan da suka fi lafiya. Hunturu kuma da nasa: a Disamba da Janairu ruwan ƙaramin akwati yana iya sauka ƙasa da 20 kafin asuba, 'ya'ya su daina ci, ciwon farin ɗigo ya bayyana a jikinsu. Hita mai wat 50 ta ishi lita 40, in babu wuta a rufe akwatin da bargo tun magariba.

Tunda ana maganar asarar dare ɗaya, bari in ƙara wannan. Cikin wata damina na rasa 'ya'ya sama da ɗari saboda an fesa maganin sauro a ɗakin da suke. Famfon ya zuƙi iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Maganin ƙwari, na gwangwani ne ko fiya-fiya ko na kunnawa, guba ne mai ƙarfi ga kifi. Ɗakin da ke da akwati gidan sauro ake ɗaurawa.

Tambaya: 'Ya'yan kifina sun fito, na ba su garin biredi da 'yar madara, ruwan ya yi fari ya fara wari, suna ta mutuwa. Me ake ba su?
Wata ɗaliba daga Gidan Igwai

Amsa: 'Yata, ruwa ba ya tsami banza, biredin da madarar ne suka ruɓe. Yau ɗin nan ki zuƙe abin da ya kwanta a ƙasa, ki sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, gobe ki sake.

Muddin suna kwance da jakar gwaiduwa a ciki ba a ba su komai, guzurinsu na tare da su. Sai ranar da suka tashi suna iyo. Abincin da ya fi shi ne artemiya, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri da ake sayar da ƙwansu a bushe. Masu ƙyanƙyasar tarwada da shi suke aiki, wurin masu sayar musu da kaya za ki tambaya. Ki yanke gindin gorar roba ki kifa ta, ki zuba ruwa lita ɗaya da gishiri giram 25 zuwa 30, kamar babban cokali biyu ba tozo, da rabin ƙaramin cokali na ƙwan, ki sa tiyon iska har ƙasa. Cikin sa'a 24 zuwa 36 sun fashe. Ki cire iskar, ki haska ƙasan gorar. Ɓawon zai taso sama, masu ran su taru wurin haske. Ki zuƙo su, ki tace a ƙyalle, ki ɗauraye gishirin. Akwai kuma wanda aka riga aka cire wa ɓawo, shi jiƙawa kawai ake yi a ba su. Bayan sun ci za ki ga cikinsu ya yi ruwan lemo ta cikin fata, da haka ake gane suna ci.

In babu artemiya, ki dafa ƙwan kaza ya dahu sosai, ki ɗebi gwaiduwa kamar ƙwayar gero biyu, ki murje ta cikin tsabtataccen ƙyalle a kofin ruwa, ki ɗiga kaɗan. Tana raya su, amma tana saurin ɓata ruwa, dole a share bayan sa'a guda. 'Ya'yan masu goyon baki sun fi girma, su abincin manya da aka murje ya zama gari ya ishe su tun ranar farko.

Kaɗan-kaɗan ake bayarwa, sau huɗu a yini. Ni da salla nake ƙidaya: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan La'asar, sai kafin Magariba. Abin da ba su cinye cikin minti uku ba ya yi yawa. Kowace rana ina zuƙe ƙasan akwati da sabon siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, ina zubawa a farar roba don in ga wanda ya biyo in mayar da shi, sannan in cika da ruwan da ya kwana a ɗakin, kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar. Tsabtar ruwa tana sa su girma kamar yadda abinci ke yi. Bayan mako biyar ko shida ki ware manya daga ƙanana, in ba haka ba manyan za su danne sauran wurin ci.

Ƙaramin abincin tarwada yana yi wa 'ya'ya in an ba su da ƙima. Amma kada ki saba wa manyan kifin Malawi masu kiwon gansakuka a duwatsu da shi, maiƙonsa ya yi musu yawa, yana kawo kumburin ciki da ba ya jin magani da sauƙi. Su a haɗa musu da ɗan alayyafo da aka tsoma a ruwan zafi.

Tambaya: Wane ruwa ya fi, na famfo, na burtsatse, ko na 'yan garuwa?
Wani mai karatu daga Gwiwa

Amsa: Malam, kowanne yana yi in an san halinsa. Na famfo yana da sinadarin kulorin, a bar shi a buɗe da iska kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga maganin kashe shi. Na burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma ya kwana da famfon iska. Na garuwa jarkar ce abin tsoro, in ta taɓa ɗaukar fetur ko sabulu.

Ka duba cikin butar shayinka. In farin gari yana daskarewa a ciki, sabulu kuma ba ya saurin kumfa, ruwanka mai nauyi ne. Ƙasar nan tamu tana da farin dutse, shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Irin wannan ruwa shi kifayen tafkunan Malawi da Tanganyika suke so, mai awon pH (ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa) 7.5 zuwa 8.5, abin da wasu ƙasashe sai sun sayi gishiri na musamman suke samu. Kifayen kogin Amazon kuwa ruwa mai laushi suke so, ƙwan wasunsu ba ya fashewa da kyau a mai nauyi. Wanda ya nace musu sai ya gauraya da ruwan sama, amma ba na farkon damina mai wanke ƙurar kwano ba.

Abin da ya fi asalin ruwan muhimmanci shi ne soson da ke tace ruwan akwatinka. A cikinsa wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke zaune suna sauya amoniya zuwa abin da ba ya cutarwa sosai, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Masu kwashe kifi su wanke akwati tas da sabulu kowace Asabar suna kashe su ne. A matse soso cikin tsohon ruwan akwati, a sauya rubu'in ruwa a mako, shi ke nan.

Tambaya: Kifayena sun yi yawa, in kai su gulbi in sake?
Wani mai karatu daga Wamakko

Amsa: Don Allah kada ka yi. A shekarun 1950 aka saki giwan ruwa, wannan dai namu da muka sani, a Tafkin Biktoriya inda babu shi a da. Zuwa shekarun 1980 kimanin iri 200 daga cikin sikilid kusan 500 na tafkin sun ɓace. Mai rigar fursuna da aka saki daga akwatuna ya riga ya kafu a wasu ruwayen Ostireliya. Baƙon kifi yana iya kawo ciwo, yana iya ƙwace wurin ƙwan karfasa, kuma Rima abincin dubban gidaje ce daga Goronyo har Argungu. Ka sayar, ka ba abokai, ka kai ɗakin kimiyya na wata makaranta, sannan ka raba maza da mata.

Tambaya: Baba, ina aji uku a ƙaramar sakandare. Ina son in fara amma ba ni da kuɗin kifin Legas.
Wani yaro daga Ƙofar Marke

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ta fi kowace faranta mini rai. Ba ka buƙatar kifin Legas. A ruwayen Afirka ta Yamma, har da yankin kogin Neja da gulabenmu ke zubawa ciki, akwai wani ɗan sikilid ja mai ɗigon shuɗi yana walƙiya, da baƙin tabo a gefe. An fi sanin danginsa da sunan Hemichromis. A Turai kuɗi ake sa wa a saye shi, a nan kuwa cikin tarkacen ƙananan kifi yake fitowa a koma. Na farkon da na kiwata wani masunci ne ya ba ni kyauta. Ya fi na Malawi jure zafinmu, kuma iyaye ne na ƙwarai.

Ka samu rabin durom na roba wanda bai taɓa ɗaukar mai ko magani ba. In ka tara kuɗi daga baya, mai yanka gilashi zai haɗa maka na santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a tsaye, lita 54 ke nan. Ka wanke yashi har ruwansa ya fita garau, ka sa faffaɗan dutse da fasassun tukwane. Ka zuba ƙanana biyar ko shida su girma tare, su za su zaɓi juna. Ranar da ka ga biyu sun yi ja wur, sun tare gefe guda suna goge dutse da baki, ka kwashe sauran nan da nan, don faɗansu ba wasa ba ne, har yatsanka za su ciza. Za su jera ƙwai ɗaruruwa, su fashe cikin kwana biyu ko uku, bayan 'yan kwanaki ka ga uwa a gaba uba a baya, 'ya'ya a tsakiya. In sun yi mako uku ko huɗu ka ɗebe su, kafin iyayen su fara shirin wani ƙwan.

Ka nemi izinin babanka, yayanka ya raka ka Kwalkwalawa ranar da babu makaranta, lokacin da masunta ke fitowa. Ka gaishe su da ladabi, ka siffanta musu kifin, ka ce da rai kake so. Ka tafi da bokiti mai murfi, ka cika shi rabi da ruwan gulbin, kada ka sa fiye da shida, ka dawo gida kafin rana ta take. In ka iso, ka dinga ƙara ruwan gidanku a bokitin kofi-kofi har tsawon sa'a guda kafin ka juye su.